Hutu a Makarantar Sojoji

Akwai magidantan da in suka ce za a tafi hutu, gara yara su tambayi ina aka nufa tun kafin a ɗaure kaya. Iyali sun isa Amurka, yara na mafarkin Disney, sai Baba ya kwashe su zuwa West Point, makarantar horar da hafsoshin soja da aka kafa a 1802 a bakin kogin Hudson.

Jagora na bayanin cewa Eisenhower ya gama nan a 1915, Baba na gyaɗa kai kamar ajinsu ɗaya. Da aka ce karatun kyauta ne, har alawus ake ba ɗalibai, sai idonsa ya sauka kan babban ɗansa, wanda sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba.

Hajiya ce ta kashe maganar. Ta ji cewa ranar shiga, sallamar iyaye ba ta kai minti biyu ba, ga aikin soja na shekara biyar bayan kammalawa.

"Alhaji, ni addu'ar rakiya kaɗai tana cin rabin awa. A kai mu kasuwa."

Kasuwar aka tafi.