Maigida da Mitar Kati

Tun ranar da aka kafa mitar kati a zaure, maigida ya koma ɗan sintiri. A zamanin bil ɗin ƙiyasi, ƙwan tsakar gida kan kwana ya wuni a kunne, ba mai cewa uffan. Yanzu kuwa ko ina za shi sai ya tsaya gaban mita, ya gyara zaman tabarau, ya ƙura wa jar fitilar nan mai ƙyaftawa ido kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ba a ga laifinsa ba. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, sama da ninki uku.

Matsalar ita ce bai san ɓarawon ba. Ƙwan LED mai wat 9, wanda yake yi wa yara tsawa a kansa, sai ya yi sama da awa 100 yana ci kafin ya cinye yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa awa guda ta ishe shi. Kuma duk Juma'a wane ne ke sa a goge masa babbar riga mai sitaci, ciki da bai, har da aljihu?

Rannan ya zare cajar wayar autarsa, yana faɗan almubazzaranci. Uwargida ba ta ko ɗaga kai daga tsintar shinkafa ba.

"Alhaji, hitar ruwan wankanka fa tun asuba take cikin bokiti."