Likitocin Tsohuwar Mota

Tsohuwar mota ba ta mutuwa a inda babu jama'a. Sai ta bari an shiga cunkoson France Road a Sabon Gari, ko an kusa Wapa a Fagge, 'yan Adaidaita Sahu suna ta danna hon a baya, sannan ta yi tsit. Kafin mai ita ya ɗaga bonet, likitoci sun taru.

Na farkon isowa hannunsa na aljihu. Bai taɓa motar ba, bai ji ƙararta ba, amma ya gama bincike: "Alhaji, famfo ne." Ko hon ne ya daina yi, famfo ne. In an bi diddigi, yayansa ke da shagon kayan gyara a layin baya.

Sai mai gora, wanda zai durƙusa ya zabga wa tanki duka ya ce a yi kik. Abin haushin, sau da yawa takan tashi. A motoci masu injekta irin su Golf 3 da Carina E, famfon lantarki a cikin tanki yake, kuma idan gawayinsa ya cinye, girgizar dukan kan sa ya ɗan farfaɗo. Mai gora ya san wa'adin maganinsa, shi ya sa yake karɓar na goro ya ɓace kafin a kai Kantin Kwari.

Wanda ya fi su haɗari shi ne rewaya mai "dairek". Fiyus ya ƙone, maimakon ya tambayi abin da ya ƙona shi, sai ya murɗa silin waya ko takardar sigari mai ƙyalli ya cusa a gurbinsa, alhali an yi fiyus ne don ya ƙone ya fanshi sauran wayoyin. Rile ya yi gardama? Ya janyo waya daga batir kai tsaye zuwa famfo, ko inji ya mutu famfo na ci gaba da tura mai. Leƙa ƙarƙashin sitiyari ka sha kallo: jar waya an ɗaura mata rawaya, rawayar an ɗaura mata igiyar tsohuwar rediyo, duk an naɗe da salatif ɗin da zafin Kano ya narkar. Duk ranar da aka dawo masa da motar tana warin ƙonewa, sai ya riƙe baki: "Wa ya yi maka wannan ɗanyen aikin?" Shi ne, bara.

Mai motar ma ba kanwar lasa ba ne. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, allurar tankinsa ba ta bar ja ba. Man da famfo ke nutse a ciki shi ke sanyaya shi, saboda haka tanki fayau gasa shi yake yi. Ga galan ɗin 'yan bumburutu da dattinsa ke toshe filta. Amma in ka tambaye shi, har yau gurɓataccen man nan na Fabrairun 2022 ne ya cuce shi.

A kan benci kuwa akwai dattijon Fijo, wanda agogonsa ya tsaya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa 504 a Kaduna. Famfonta inji ke motsa shi, in ya lalace a ɗora jarka a rufin mota, a zuƙo mai da baki ta tiyo, a sa wa kafireta, a kama hanyar Katsina. Duk motar da ke da kwamfuta, a wurinsa abin wasan yara ce.

Mai shago famfo uku zai jera maka: orijina, Beljiyam, ɗan China. Kwalinsu ɗaya, kuma kayan wuta ba a dawowa da su.

Can a ƙarshe, bayan an gaji, ake kiran wani rewaya marar surutu mai yawo da ƙwan gwaji. Zai ce a murɗa makulli kada a yi kik, ya kara kunne a bakin tanki yana sauraron ɗan gunjin daƙiƙa biyu da lafiyayyen famfo ke yi. Bai ji ba, sai ya bi fiyus, ya bi rile, ya kai ga wayar at da tsatsa ta ci a jikin bodi. Ya kankare ta da sanfefa, ya ɗaure, mota ta tashi. Da ya faɗi kuɗin aikinsa, Alhaji ya haɗe rai: "Haba malam, ai ba ka sa mata komai ba!"