Ƙauyawan da Suka Ci Birnin Rum

Ɗan yayana ya zama janar. Bai shiga makarantar sojoji ta Kaduna ba, ko bindigar toka bai taɓa saɓawa ba. A kan benci ya sami muƙamin, a shagon wani mai cajin waya a Tudun Wada, tsakanin teburin mai shayi da injin casar shinkafa. Dakarunsa dubbai ne, dukkansu suna cikin wata waya mai tsagaggen gilashi. Daga la'asar har mai caji ya kashe janareta, yana nan yana ba da umarni da babban yatsa.

Sunan wasan Rome: Total War. Wani kamfanin Ingila, Creative Assembly, ya fito da shi a 2004 don kwamfuta, sai a ƙarshen 2018 ya sauko kan wayoyin Android. Shekara 14 ke nan a hanya, kamar kwangilar titi. Labarin yana farawa daga shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma da ɗaya daga cikin gidajen Rumawa uku ake soma wa mutum. Janar ya ɗan taɓa su ya ajiye. "Baffa, 'yan birni ne," in ji shi. "Kana tsakiyar yaƙi sai majalisar dattawa ta aiko maka da takarda." Sai ya koma wajen mutanen daji, waɗanda wasan yake kira Barbariyan.

Nan aka fara samun matsala. Ranar da yayana ya biyo shi shagon ya tambaye shi me yake yi, yaron bai ko ɗago kai ba ya ce, "Baba, Barbariyan nake." Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Babarbare? Ni ne daga Borno ko uwarka?" Wani Bafulatani da ya tsaya shan shayi a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Kwanar Dangora ya leƙa wayar, ya ga ƙarti ba riga suna ihu suna kaɗa gatari. Ya gyaɗa kai ya ce lallai su ne, bayinsa ne, zanen fuskar kawai Bature ya manta. Har yau ba wanda ya iya raba shi da wannan fahimta, kuma na lura ba ya son a raba shi.

Kalmar ba ta da wata dangantaka da Barebari. Girkawan da ne suka ƙirƙiro ta: duk wanda ya buɗe baki ba su gane ba, sai su ce "bar-bar" kawai yake yi. Rumawa suka ara suka maƙala wa duk wanda yake bayan iyakarsu. Kafin mu yi musu dariya mu tuna da namu. Mu ne muke cewa mutum yana gwaranci in Hausarsa ta karkace. Mu ne muke kiran kowane harshe "yare", kowane mutum "ƙabila", sai ka ce mu daga sama aka sauko da mu a naɗe cikin rawani.

A kudancin Kano kuwa abin tsani ne. Mutumin cikin badala yana kiran na Bebeji baƙauye. Na Bebeji ya juya ya ce ai shi a bakin titi yake, ƙauyawa suna can cikin Kiru. Na Tudun Wada ya nuna Doguwa da leɓe. Na Doguwa ya ce a je bayan duwatsun Riruwai a gani. Na can ƙarshen, da ya waiwaya bai ga kowa ba, sai ya huce a kan biran dajin Falgore. Shi kuwa ɗan birnin da ya fara rabon sunan, shinkafarmu ce a tukunyarsa, masararmu ce a tuwonsa, kuma in famfonsa ya yi abin kirki, akwai hannun madatsar Tiga da aka gama a 1974 a zamanin Audu Bako. In ya tashi alfahari da attajiran Kano sai ya kawo Alhassan Dantata, ya manta a Bebeji aka haife shi a 1877.

Shi ya sa ban yi mamakin zaɓin Janar ba. A wasan, Rumawa suna shimfiɗa titin dutse, su jawo ruwa daga nesa, garinsu ya yi ta bunƙasa. Mutanen daji kuwa hanyar burji ce iyakarsu, garinsu in ya kai wani mataki ya tsaya ke nan, ko nawa ka tara. Na ce masa wannan ai zalunci ne. Ya ce, "Baffa, ni ban ga komai ba. Kamar ina gida."

Abin da aka ba su a madadin titi shi ne ihu. Da gaske nake. Akwai maɓalli na musamman: kafin a gwabza sai ka danna, rundunar ta tsaya ta kurma kururuwa, ƙarfinta ya ƙaru na ɗan lokaci. Rumawa suna can sun jeru sun haɗa garkuwa sama da gefe kamar kunkuru, su kuwa waɗannan maƙogwaro ne jarinsu. Jamusawan wasan har rundunar mata gare su, aikinsu su tsaya a baya suna ƙwala ƙara har gwiwar abokan gaba ta yi sanyi. Mai shayi, wanda yake da mata uku, ya kalli wannan runduna ya ce shi ba sai an yi masa bayani ba. Mutanen tsibirin Birtaniya kuma sun shafe jikinsu da shuni kamar waɗanda suka faɗa rijiyar marina a Ƙofar Mata, wasunsu ma kawunan mutane suke jifa da su.

A kan waɗannan masu shunin na daɗe ina tunani. Daga tsibirin nasu ne aka turo Kanar Morland, wanda ya taso daga Zariya da igwa a farkon 1903, ya fasa ƙofar Bebeji, ya wuce ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Hujjar da Turawan suka bayar ita ce sun zo wayar mana da kai. Ashe su ma an taɓa yi musu kallon da suka yi mana. Shekara dubu biyu kawai suka riga mu wanke shunin.

Wurin da Janar ya fi so ya yi yaƙi shi ne daji, don a can ake ɓoye runduna. Ya ba ni labarin shekara ta 9 miladiyya, lokacin da Arminiyus ya ja rundunonin Rumawa uku cikin dajin Tutobag na Jamus ya gama da su. Ya ce da Rumawa za su biyo ta Falgore da damina, ko labarinsu ba za a ji ba. Abin da bai sani ba, Arminiyus ɗin Rumawa ne suka horar da shi, har hafsa ne a sojansu. Mu ma muna da irinsa. Ningawan da suka hana garuruwan kudancin Kano barci a ƙarni na 19, har Sarki Abdullahi Maje Karofi ya sha fama da su, wanda ya fara haɗa kansu Malam Hamza ne, malami daga Tsakuwa a ƙasar Kano, da ya bar gida saboda rigimar haraji. Tsoron da birni yake ji daga daji, sau da yawa ɗan gida ne da aka ɓata wa rai.

To, a kan harajin nan ne na gane halin majalisar mai caji. Waɗannan samari ba su da aiki sai zagin masu mulki. Kowannensu ya sha rantsuwa in aka ba shi kujerar ƙaramar hukuma wata shida, sai an rubuta sunansa da ruwan zinare. Na tsaya bayan Janar na ga yadda yake mulki. Harajin kowane gari ya kai shi ƙololuwa. In talakawa suka yi bore, ya janye sojoji, ya bari su ƙwace garin, ya dawo ya ci su da yaƙi. Wasan yana ba ka zaɓi uku in ka ci gari: ka zauna da mutanen lafiya, ka bautar da su, ko ka karkashe su ka kwashe dukiya. Ban taɓa ganin yatsansa ya yi kuskuren taɓa na farkon ba. Na ce, "Kai da kake cewa a ji tsoron Allah?" Ya ce, "Baffa, ba za ka gane ba. Mulki sai da kuɗi." 'Yan majalisar suka ce ƙwarai kuwa. Wannan mai baitulmali cike da dinari, mai caji yana bin sa kuɗin caji na kwana tara.

Daren wata Alhamis ya ci birnin Rum. Sarki Alarik sai a shekara ta 410 ya yi wannan aiki. Janar ya yi shi cikin mako uku, da batir saura kashi huɗu. Ihun da aka yi a shagon ya sa 'yan sintiri suka fito da fitilu, wata tsohuwa ta fara salati tana zaton ɓarayin shanu ne.

Washegari rana ta take bai tashi ba. A daidai lokacin wata runduna ta gaske, wadda ba ta san titi ba balle majalisar dattawa, ta sauka a gonar shinkafar yaya: janbaki, garke guda kamar hadari. Yaya ya dawo daga gona, ya tsaya a kan Janar, ya yaye masa bargo.

"Babarbare, an ce jiya ihunka ya ci birni."

"Baba, ai dabara ce, ba ihu kaɗai ba."

"Madalla. Ga gwangwani, ga tsakuwa. Ka tafi da dabarar da ihun gaba ɗaya. Wayar kuma bar ta nan, kada Rumawa su dawo ba kowa a gida."