Saƙo a Agyaragu Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Mu mutanen Agyaragu, in dai isar da saƙo ne, kowa gwani ne, kuma kowa da nasa laifin. Ka kira ɗan'uwanka don ka gaya masa taki ya iso, sai ku shiga ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya mai jiki, har katin ya ƙare ba a ambaci taki ba. Baƙo zai ce asarar kuɗi ce. Mu kuwa mun san da gaisuwar nan muke taɓa hanya mu ji ko a buɗe take. Daga yadda mutum ya amsa "lafiya lau" za ka gane ko yau ranar tambayar bashi ce, ko kuwa ka haɗiye maganarka sai jibi.

Masana sun daɗe da zana wannan abu a takarda. A 1948 wani injiniya a kamfanin tarho na Bell a Amurka, Claude Shannon, ya ce kowane saƙo yana da mai aikawa, da hanyar da zai bi, da mai karɓa, sannan ga hayaniya da ke tare shi a tsakani. Daga baya wasu suka ƙara da amsa, domin sai ta dawo ne mai magana zai san an fahimce shi. Shi Shannon ƙarar waya yake nufi da hayaniya. Mu a nan tamu hayaniyar ƙafa gare ta, tana sa silifa, kuma yawanci ɗan gidanmu ce.

Ɗan aike ke nan. Inna ta ce, "Je ka ce wa Baba Ƙarami in ya samu sarari ya leƙo." Yaro ya tsaya kallon ƙwallo, ya sha rake, ya isa ya ce, "Wai ka zo yanzu-yanzu." Dattijo ya bar alwala ya taho yana salati, ya tarar ana tankaɗen gari. A yi wa yaro faɗa, gobe kuma shi ɗin za a sake aika. Mun san zuwa da kai ya fi aike, amma wa zai tashi daga inuwar mangwaro?

Ku zo kasuwar doya ku ga inda abin ya fi armashi. Manomi Migili ne ko Eggon, mai saye ya sauko daga mota a titin Lafiya zuwa Makurɗi, wataƙila Tibi ne ko Inyamuri ko Bakano, ga Alago a gefe, kowa da harshen da ya sha a nono, amma ciniki da Hausa ake yi, kowa da irin tasa. Dillali na tsaye a tsakiya, shi ne hanyar, shi ne kuma mai tace magana. Mai saye ya taya ƙwarya guda, wato doya 100, da kuɗin da zai sa a yi dambe, dillali ya juyo ya ce wa mai kaya, "Ya ce a duba masa." Mai kaya ya yi tsaki ya kau da kai, dillali ya koma ya ce, "Alhaji, ƙara kaɗan, ya kusa sallamawa." Da a ce kowa ya ji ainihin abin da ɗayan ya faɗa, da doyar nan ba ta hau mota ba. Ni dai ina ganin dillalan nan sun cancanci a riƙa gode musu, domin rabin zaman lafiyar kasuwa a bakinsu yake.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, muka karɓe ta hannu bibbiyu muka koya mata halinmu. Filashin ɗaya, na iso. Biyu, kira ni, kai ne mai kati. "Ga ni nan a hanya," alhali mutum ko wanka bai yi ba, kuma wanda ake gaya wa ya sani sarai, shi ma bai tashi ba. In zance ya zo kan kuɗi, nan take sabis ya lalace: "Hello, hello, ba na jin ka!" A WhatsApp kuwa saƙon murya na minti bakwai, shida gaisuwa.

Inda nake jin tsoronmu shi ne wurin "an ce". Labari ya fito daga Lafiya da safe cewa mai zai yi tsada, kafin ya wuce tashar jirgin ƙasa ya zama an rufe gidajen mai, kafin azahar har an samu wanda ya gani da idonsa. Wa ya ce? An ce. A garin da ƙabilu da yawa ke cin kasuwa ɗaya, masallaci da coci na jin muryar juna, magana zarar bunu ce, kuma dukanmu mun taɓa tura abin da ba mu tantance ba don kawai mu riga kowa.

Amsa kuwa ba a baki kaɗai muke ba da ita ba, labarin zuciya a tambayi fuska. Ka je neman aure a ce maka "za mu yi shawara", to ka dubi ko an kawo maka ruwa a kofin baƙi, ko an raka ka har bakin zaure. Amarya ta yi shiru ta sunkuyar da kai, iyaye su ce ta yarda. Maigida ya yi shiru ya ture kwanon tuwo, duk gidan ya san gishiri ya yi yawa, uwargida kuma ta aiko ƙaramin yaro ya tambaye shi ko a ƙaro miya.