Masu Gwajin Waya a Kan Jama'a

Tun kafin wayar hannu ta iso ƙasar Gwandu an san masu gwaji. Sarkinsu shi ne mai lasifikar biki, wanda zai hura makirufo, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya ce "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" har kajin unguwa su watse. Shi dai yana da uzuri, domin lasifika ba ta gwaduwa a ɓoye. Amma tun da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, daga baya Tecno da Itel da Infinix suka sa babbar waya a aljihun talaka, sai gwaji ya tashi daga filin biki ya tare a zaurukan WhatsApp. A Dodoru da kewaye da wuya a sami zauren dangi, ko na tsofaffin ɗalibai, ko na ƙungiyar ci gaban gari, da bai da nasa gwanin.

Babbansu shi ne Alhaji mai sabuwar waya. Ɗansa da ke aiki a Birnin Kebbi ne ya aiko masa da ita, jikansa ya buɗe masa WhatsApp, wani mai neman lada ya jefa shi zauren 'yan gari, shi ke nan zaman lafiya ya ƙare. Alhaji ba ya rubutu, murya yake turawa. Saƙon farko daƙiƙa biyu ne, ba komai ciki sai numfashi. Na biyu kakin makogwaro. A na uku ne sallama take fitowa, cikakkiya har da wa barakatuhu, sannan: "Jama'a, ana ji na? Kai yaro, wanga abu yana ɗauka kuwa?" Mutum talatin su amsa, "Ana jin ka, Baba, Allah ya ƙara lafiya." Alhaji ya ji daɗi. Sai ya ga ladabi ya wajabta a gode wa kowa da sunansa, ɗaya bayan ɗaya, kowane da nasa saƙon, tare da tambayar iyali da gajiya da labarin damina.

Wannan duk share fage ne. Babban aikin yana zuwa ranar da yatsansa ya kulle maɓallin ɗaukar murya bai sani ba, ya zura wayar a aljihun babbar riga. Zaure ya karɓi saƙo mai tsawon minti goma sha wani abu: kukan akuya, ƙarar babur, cinikin albasar Aliero, sai kuma ra'ayin Alhaji na gaskiya game da surukinsa, wanda shi ma yana cikin zauren. Ba mai cewa uffan, amma kowa ya saurara har ƙarshe, wasu har sau biyu. Jikan ya rugo a guje don a goge, Alhaji ya riga shi, sai dai ya danna gogewar da ke share saƙo daga wayarsa kaɗai. Yanzu shi ba ya ganin saƙon, duniya tana gani. Kamfanin WhatsApp ya san da irin su Alhaji, shi ya sa a ƙarshen 2022 ya ba da daƙiƙa biyar na janye irin wannan kuskure. Daƙiƙa biyar kuwa ba ta isar Alhaji ya lalubo tabarau.

Goggo ita kiran bidiyo take gwadawa. Wanda ya ɗauka zai ga rufin ɗaki, ko kunnenta, domin a kunne take kara wayar kamar yadda ta saba.

Akwai ɗan filashin, mai son ya tabbatar layinsa na aiki ta hanyar tada mutum daga barci, alhali *310# zai nuna masa abin da ya rage a layin ba tare da ya dami kowa ba. Akwai mai gwajin asusun banki: "Yaya, turo mini dubu ɗaya in gani ko alat yana shigowa." Alat yana shigowa lafiya lau, dubun ce ba ta san hanyar komawa ba. Akwai ɗalibin jami'ar tarayya da ke Kalgo, wanda ya dawo hutu a matsayin injiniyan gida. Shi wayoyin mutane ne wurin gwajinsa, kuma idan ya gama gyara wa kawunsa saiti, sai a tarar harshen wayar ya koma Faransanci.

Sai 'yan kallo, masu karanta komai ba su tanka komai, suna adana saƙon Alhaji don nishaɗin hira bayan isha'i. Mai wannan rubutu ya san su ciki da bai, kuma yana ganin mutanen kirki ne.

Abin mamaki shi ne wurin gwaji yana nan, kyauta. Tun zamanin Usenet, tsarin musayar labarai da Tom Truscott da Jim Ellis suka ƙirƙira a Jami'ar Duke ta Amurka a 1979, masu kwamfuta suka gaji da sababbin shiga, suka ware musu wurare irin su misc.test da alt.test, inda mutum zai tura shirmensa ya ga ko saitinsa ya zauna. WhatsApp ma ya bi sahu: daga ƙarshen 2021 ana iya sauraron saƙon murya kafin a tura shi, daga ƙarshen 2022 kuma mutum na iya tura wa lambarsa saƙo, ya yi sallama ya amsa wa kansa. Facebook yana da zaɓin da ba mai ganin rubutu sai wanda ya yi shi. Amma Alhaji ba zai yarda ba, kuma yana da hujja: idan ya tura wa kansa, wa zai ce masa Allah ya ƙara lafiya?

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Wanda ba a yi wa dariya shi ne mai gwada data da labarin tashin hankali. Ya sayi data, yana son ya ga ko tana tafiya, sai ya laluba wayarsa ya ɗauko tsohuwar muryar wani yana ihun 'yan bindiga sun shigo gari, ba sunan gari, ba rana, ya watsa a zaure biyar a lokaci guda. A jihar da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, wannan ba wasa ba ne. Uwa ta kira ɗanta da ke kan hanyar Jega tana kuka, ɗan kasuwa ya fasa fita, wani ya kwashe yara daga makarantar allo. Idan aka tsare shi sai ya ce, "Wallahi ni ma turo mini aka yi, gwadawa kawai na yi." Irinsa ne suka yaɗa maganar wanka da shan ruwan gishiri a watan Agustan 2014 lokacin Ebola, mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Saboda irinsa ne WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a 2019, shi kuwa ya ɗauki biyar ɗin a matsayin adadin da aka wajabta masa cikawa.

Shugabannin zauruka su bar Alhaji da Goggo su yi ta gwajinsu, jikoki su zauna kusa da su idan za a danna wani abu. Wannan na ƙarshen kuwa, a yi masa gargaɗi sau ɗaya, in ya sake a fitar da shi daga zauren, ko da ɗan gidan hakimi ne.