Amanar Gansakuka

A gidanmu a Zariya, gansakuka abin kunya ce. In ta fito a gindin randa ko a bangon makewayi, ana nemo yaron da aikin wankewa ke wuyansa a ja masa kunne, sannan a miƙa masa soso da toka. Saboda haka da karatu ya kai ni Insburuk, wani birni na ƙasar Ostiriya da tsaunukan Alps suka yi wa ƙawanya, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai gidan da ake ajiye gansakuka da gangan ba, balle a danƙa wa mutum amanarta.

Tsohuwar da nake haya a gidanta, wadda nake kira Mama, 'yarta ce ta haihu a wani gari, za ta je taya ta jego. Ana gobe za ta tafi ta kira ni baranda. Na ɗauka maganar makulli ce ko kuɗin wuta. Sai ta nuna mini wani dutse, wanda hannu biyu za su ɗauka ba wahala, da wasu 'yan dunƙule-dunƙule kore mai ratsin toka manne a bayansa. Ta ce marigayi mijinta ne ya sauko da shi daga makiyayar iyayensa can saman tsauni, inda bishiya ba ta tsira. Gansakukar har suna gare ta, wai Grimmia alpestris.

"Ruwan sama kaɗai za ka ba ta, ga shi can a jarka. Kada ka shigar da ita ɗaki. In ka rasa abin da za ka yi mata, kada ka yi komai."

Na ce, "Mama, ki tafi hankali kwance. Ni ɗan manomi ne." Ban yi ƙarya ba. Mahaifina ya daɗe yana noman rani a bakin kogin Galma, kuma na yi bayin albasa da tumatir har hannuna ya yi kanta. Tsiron da bai kai tsawon farce ba ne zai gagare ni?

Bayan tafiyarta aka tashi da wata iska da suke kira Föhn, busasshiya mai ɗumi, wadda ke gangarowa daga kudu ta bi kwari ta afka wa garin. Mutanen Insburuk suna ɗora mata laifin ciwon kai da faɗan ma'aurata. Da na leƙa baranda sai gabana ya faɗi. Gansakukar ta ƙanƙance, ta yi baƙi, ta bushe ƙamas kamar ƙanzo a gindin tukunya. Na fara tsara yadda zan yi wa Mama ta'aziyya da Jamusancina mai ɗingishi. Don dai kada a ce ban yi komai ba, na ɗebo ruwan jarka na yayyafa mata.

Wallahi ina tsaye abin ya motsa. Ƙananan ganyayen da suka naɗe suka fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa, kafin minti guda baƙin ya koma kore shar. Na ja da baya ina a'uziyya. Ashe haka halittarta take. Ba ta da saiwa, sai wasu 'yan zaruruwa da take riƙe dutse da su, ba ta kuma da jijiyoyin jan ruwa irin na dawa ko masara. Da dukkan jikinta take sha. In ruwa ya ɗauke sai ta bushe ta tsayar da komai, ta jira, in ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Ni kuwa lissafin da na yi daban ne. Idan yayyafi ya yi wannan aikin, ina ga an ba ta ta ƙoshi? Na shiga bayi safe da yamma, ruwan jarka ya ƙare, na koma famfo. Ruwan famfon garin daga cikin tsaunukan Karwendel yake ɓuɓɓugowa, mutanen gari suna alfahari da shi, ni ma da nake karatun injiniyan ruwa na sha yaba shi a aji. Abin da ɗan adam ke sha yana santi, gansakuka ce za ta raina?

Sai wani dare sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Na kwanta cikin bargo, zuciyata ta ƙi ba ni barci: ga amana can a waje tana shan sanyi, ni ina nan ina jin ɗumi. Ba haka aka rene mu ba. Na tashi na kinkimo dutsen na aza a tebur kusa da hita, na kife shi da kwanon gilashi don kada laima ta gudu, na kunna masa fitilar karatu. Tsiron da ke yin watanni a ƙarƙashin dusar ƙanƙara kowace shekara ne na yi wa wannan gata.

A haka Inna ta kira ni ta bidiyo. Muna cikin gaisawa idonta ya wuce kafaɗata.

"Kai, wancan dutsen fa da ka kunna wa fitila?"

"Gansakuka nake reno, Inna."

Ta yi shiru har na zaci layi ne ya yanke. Sannan na ji ta ɗaga murya: "Malam! Zo ka ji abin da ɗanka yake yi a Turai."

Baba ya karɓi wayar, ya gyara tabarau. "Ana cin ta?" Na ce a'a. "Magani ce?" Na ce ban ji an ce ba. "Tana fure?" Na ce ba ta yi, ba ta ma yin iri, wata ƙura ce take saki daga ɗan ƙoƙo iska ta kwasa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "To, ka dai riƙe salla."

Maganar ba ta dame ni ba kamar furfurar da na gano. Na ari madubin ƙara girma na Mama, na ga kowane ganye yana da wani farin gashi siriri a bakinsa. A gonarmu ganye in ya yi fari, yunwa ce. Na sayo takin tumatir na ruwa, na dama shi da kauri, na zuba da bisimilla. Washegari gefe guda ya yi ja kamar an babbake. Na garzaya intanet, inda na tarar da masu ba da shawara sun yi ittifaki a kan wata dabara: a markaɗa gansakuka da kindirmo, a shafa a dutse, sabuwa ta tsiro. Na sa cokali na kankare dunƙule mafi girma, na jefa a bilendar Mama da yogot, na shafe dutsen tas, na mayar da kwanon gilashi.

Abu ya tsiro kam. Fari ne, mai gashi-gashi, daga baya ya koma shuɗi-shuɗi, ga wari mai tayar da matacce. Ƙananan ƙudaje suka yi sansani a ɗakina. Maƙwabcinmu na ƙasa, dattijon da bai taɓa amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba, ya hawo ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya nake. Garin neman gira an rasa ido.

Na sa dutsen a bokiti na hau bas, inda na samu kujeru huɗu ni kaɗai, na nufi wurin wata masaniyar tsirrai a jami'a. A bangon ofishinta akwai hoton Johann Hedwig, likitan birnin Leipzig wanda littafinsa na 1801 shi ne tushen sunayen da ake ba gansakuka, wadda nau'inta ya kai kimanin 12,000. Ta buɗe bokitin, ta rufe, ta buɗe taga, sannan ta ce in ba ta labari daga farko. Ban kai rabi ba ta cire tabarau tana share hawaye.

Ta ja ni bakin taga ta nuna mini tsaunukan arewa. Waɗannan, ta ce, dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, kuma ta cikinsu ruwan famfonka ke ratsowa. Ta juya kudu ta nuna Patscherkofel, mai tsawon mita 2,246: dutsen can daban ne, mai tsami-tsami, a kan irinsa wannan gansakukar ke zama. Kogin Inn ne ya raba su. Duk bayin da na yi da ruwan famfo, farar ƙasa nake shafa mata. Taki kuwa gishiri ne a wurinta, tunda ba ta da fatar da za ta kare ta. Ƙurar iska da ruwan sama sun ishe ta abinci. Ɗumi da laima ba iska, gonar funfuna ce. Furfurar da na yi wa magani, ita ce ke kare ta daga rana da saurin bushewa. Dunƙulen da na markaɗa kuma, 'yan milimitoci yake ƙaruwa a shekara.

Sannan ta ƙara mini da labari: a 2014 masana daga Birtaniya sun sanar cewa sun ɗauko wata gansakuka daga tsibirin Signy na yankin Antatika, wadda ta yi shekara 1,500 a daskare, suka narkar da ita, ta tsiro. "Waccan ta jure shekara 1,500 a ƙanƙara," in ji ta. "Wannan ga abin da bazara ɗaya a hannunka ta yi mata."

Na ce to bari in hau tsauni in kankaro wata. Ta daka mini tsawa, ta ce abin da ke kan tsauni a bar shi a kan tsauni. Ta wanke dutsen da ruwan sama, ta tsince funfunar da hantsaki, ta ce in mayar da shi baranda in zare hannuna.

Na zare, sai dai sanƙon da ke tsakiyar dutsen ya hana ni sakat. A wata tsohuwar katanga kusa da gida na ga dunƙulaye masu furfura sak irin na Mama. Da asuba na je da cokalina, ina waige-waige, na ɓamɓaro guda biyu na dasa a gurbin. Kyau kamar ba a taɓa ba. Kwana bai yi nisa ba wani baƙin tsuntsu mai jan-ɗorawar baki, wanda ke haɗa sheƙa a lokacin, ya sauko ina kallo ta taga, ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun ya tashi da shi. Na fito da silifa a hannu ina ihu da Hausa, dattijon ƙasa yana kallona daga lambunsa yana girgiza kai.

Mama ta dawo ta wuce baranda ko jaka ba ta ajiye ba. Ta sa madubi ta duƙa. Dunƙulaye uku na gefe sun farfaɗo, ta shafa su da ɗan yatsa. Sannan ta ɗaga nawa da farce, ya taso ba gardama.

"Wannan Grimmia pulvinata ce. A kan siminti take fita. Ɗana, katangar wa ka sata?"

Ba ta kore ni ba, ba ta ƙara kuɗin haya ba. Bilenda dai na sayi sabuwa da kuɗin alawus ɗina, domin tsohuwar ta ƙi barin wari. Da za ta sake tafiya, dattijon ƙasa ta kai wa dutsen, ni kuma ta bar mini fitar da shara. Sanƙon yana nan tsakiyar dutsen. Masaniyar ta ce sai an ɗauki shekaru kafin ya rufe, ni kuma bizata ta shekara biyu ce.