Matakan Jinyar Ƙaiƙayi

Ƙaiƙayin fata ya fi kowace cuta yawan likitoci a ƙasar Hausa, domin duk wanda ya ga mutum yana susa ya riga ya san abin da ke damunsa. Jinyarsa tana da matakai sanannu, kuma ba a cika tsallake ko ɗaya ba.

Na farko shi ne musu. Mai ƙaiƙayi yakan ɗora laifi a kan sauro, ko zafi, ko sabon sabulu, yana susa a ɓoye ta cikin aljihu, ko ya jingina da bango yana goga baya kamar mai zurfin tunani. Idan ƙuraje suka kai tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, sai a miƙa shari'ar ga jama'a, su yanke hukunci ba tare da sun duba wurin ba. Gwaggo ta ce sanyi ne, abokin majalisa ya ce maiƙo ne ya yi yawa, maƙwabciya ta rage murya ta tambaya ko an yi sa-in-sa da wani kwanan nan. Ƙazuwa ce kaɗai ba a ambata, don ita cutar gidan wasu ce.

Daga nan sai magani: wanka da ganyen darbejiya, man kaɗanya, da jiƙon mai lasifika wanda ya rantse kwalba ɗaya tana korar basir da shawara da ƙaiƙayi. Masu ƙarfin hali har baƙin mai na gareji suke shafawa. In duk an gaza sai kemis, inda yaron shago zai miƙo man shafawa mai haɗi uku. Irin wannan man yakan ƙunshi sinadarin sitiroyid, mai kwantar da ƙaiƙayi na 'yan kwanaki, amma yana ƙara wa makero faɗi, kuma ƙwaron ƙazuwa ko a jikinsa. Gwanintar man ita ce haska fata, shi ya sa wasu ke ci gaba da jinya bayan sun warke.

Shi ƙwaron ɗan mitsitsi ne, yana haƙa rami a fata ya zuba ƙwai, kuma aikinsa ya fi tsanani da dare. Akan yi mako 4 zuwa 6 kafin susa ta fara, lokacin ya riga ya zagaye masu kwana a shimfiɗa ɗaya. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazuwa cikin cututtukan da aka yi sakaci da su, ta kuma ƙiyasta masu fama da ita a kowane lokaci sun haura miliyan 200. Ashe gidajen wasu suna da yawa.

Asibiti ne matakin ƙarshe. Likita zai duba ya rubuta fametirin ko benzil benzowet, ya ce kowa a gidan ya shafa a rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi. Maigida yakan amince da komai ban da shafawarsa, tunda shi ba ya susa. Galibi ta jikinsa cutar ke komawa kan yara bayan wata guda, sai a ce maganin asibiti ba shi da ƙarfi.